Direban da Ya Ƙi Cewa Birki Ya Lalace

Kowa a asibitin gwamnatin nan, Jiniya yake ce masa, har matarsa idan tana cikin nishaɗi. Wasu sun ɗauka saboda motar ɗaukar marasa lafiya da yake tuƙawa ne, amma muryarsa ce ta jawo masa. In ya yi sallama a bakin get, sai masu jinya na ɗakin ƙarshe sun amsa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kullum da tsumma a aljihun baya, don ba ya iya wuce motarsa ya ga tabo a gilashi ya ƙyale.

Ya tuƙa tifa, ya tuƙa bas, kafin yayan matarsa, wanda ke ofishin ɗaukar ma'aikata, ya yi masa hanya ya shiga aikin gwamnati. A kujerar motar nan furfura ta same shi. Ya san inda zai lallaɓa saboda mai karaya, ya san inda zai taka wuta saboda mai naƙuda. Akwai yara a gari da a bayan motarsa suka fara kuka.

Ana saura kaɗan ya yi ritaya aka kawo sabon sakataren asibiti, mutum mai fara'a da ƙamshin turare, yana kuma gina gida a bayan gari. Wata safiya ya kira Jiniya ofis.

"Baba, ka ɗauki mota ka kai mini tayil wurin gini. Yanzu za ka dawo."

"Yallaɓai, tayil ɗin ne ba lafiya?"

Sakatare ya yi dariya, Jiniya bai yi ba. Da dariyar ta ƙare, sai Sakatare ya miƙa hannu ya ce a ba shi makulli, Baba ya je ya huta yau. Da ya karɓi makullin, ya miƙa wa Dogo, ɗaya direban, wanda ba a tabbatar masa da aiki ba tukuna, ga mata da jariri a gida. Dogo ya karɓa kansa a sunkuye.

Da hantsi aka kawo wani malamin makaranta ya yanke jiki ya faɗi a aji. Likita ta duba ta ce a garzaya da shi babban asibiti. Aka nemi mota, babu. Aka jira, aka buga waya, aka sake jira. Ƙarshe a tasi aka naɗe shi, ƙafafunsa a kan cinyar 'yarsa, Jiniya ya shiga gaba yana nuna wa mai tasin hanyar da ba cunkoso. Malamin ya rayu, amma hannunsa na dama bai ƙara riƙe alli ba. 'Yar tasa kuwa ba ta yi shiru ba, ta kai ƙara ma'aikatar lafiya, aka ce kwamitin bincike na tafe.

Sakatare ya sake kiran Jiniya. Wannan karon har kujera ya ja masa, ya sa aka kawo lemo.

"Baba, kai ne babban direba, maganarka za a ɗauka. Ka ce a ranar nan mota na gareji, birki ya samu matsala. Shi ke nan, kowa ya huta." Ya ɗan gyara zama. "Ka san maganar ritayarka ta teburin nan za ta bi."

Jiniya ya ture lemon gefe.

"Birkin motata? Ni da nake kwanciya ƙarƙashinta kowace safiya? Yallaɓai, ka ɗauki mota ka yi dako da ita, yanzu kuma kana so in ɗauki bakina in yi maka dako da shi? Ba za ka samu ba."

Washegari da yamma sai ga yayan matarsa a gida, ko takalmi bai gama cirewa ba ya fara.

"Ni na sa ka a aikin nan, yanzu ni ake kira ana cewa surukina ya fi ƙarfin kowa. Kalma ɗaya ce fa! Malamin nan hannunsa zai dawo ne don ka yi taurin kai?"

"Ba zai dawo ba, Yaya. Amma akwai na gobe da za a kawo."

Matarsa ta ajiye musu ruwa, ta tsaya riƙe da faranti. "Yaya, sha ruwa ka huce. Tun ina amarya nake fama da mutumin nan ya ce miyata ta yi daɗi ran da gishiri ya zarce, ya ƙi. Kai ne za ka sa shi ƙarya a gaban hukuma?"

Yaya ya tashi bai taɓa ruwan ba.

Wanda ya tsaya wa Jiniya a rai shi ne Dogo. Ya same shi a inuwar gareji, ido ya yi zuru-zuru, yana cewa in aka kore shi ina zai sa kansa. Jiniya ya dafa shi. "Ba zan ce ba ka tuƙa ba. Amma zan faɗi hannun da ya ba ka makulli, da abin da ya sa ba ka iya cewa a'a ba."

Ranar kwamiti ya sa farar rigarsa ta aiki, guga har tana ƙyalli. Sakatare na zaune a gefe yana wasa da biro. Aka tambaye shi ina mota take ranar.

"Tana bayan gari, ɗauke da tayil ɗin Yallaɓai. Lafiyarta ƙalau. Ni aka fara aika na ƙi, aka karɓe makulli aka ba wanda ke tsoron rasa abincinsa. Daga baya aka ce in ce birki ne."

Shugabar kwamitin ta ce ya ɗan rage murya.

"Ranki ya daɗe, haka aka halicce ta."

Masu shara da ke baranda duk sun ji, kafin la'asar asibiti ya ɗauka.

Sakatare dai ba a kore shi ba. An canza masa wurin aiki, har ana cewa sabon ofishinsa ya fi tsohon girma. Dogo ya sha gargaɗi ya tsira da aikinsa. Jiniya kuwa abokan Sakatare suka mayar da shi kan motar kwashe shara, a kanta ya ƙarasa kwanakinsa na aiki. Yaya ya daɗe bai taka gidan ba.

Yanzu Jiniya yana koya wa mutane tuƙi a wani fili kusa da gidansa, maganar ritaya kuma har yau tana yawo daga tebur zuwa tebur. Kwanan baya da ya je ofishin fansho bin kuɗinsa, wani akawu ya ja shi gefe ya raɗa masa cewa in zai je ya ba tsohon sakatare haƙuri, waya ɗaya za a buga komai ya fito.

"Haƙurin me?" in ji Jiniya, har mutanen da ke layi suka waiwayo. "Shi ya je ya ba malamin makaranta haƙuri tukuna."

Ya koma kan benci ya zauna, ya harɗe ƙafa. Na kusa da shi ya tambaye shi me ya faru, Jiniya ya gyara hula ya fara ba shi labari daga farko.