Ranar da Aka Ɗora Delmar a Sikeli

Delmar Huelskamp manomin masara ne a ƙauyenmu na yammacin Ohio. Tun yana saurayi gasar jan kaya da mota ba ta wuce shi, amma kullum ɗan kallo ne a benci. Da Allah ya karɓi ran matarsa Verna, yara kuma suka watse birni, sai ya ce kafin ya bi ta yana so ya ga a-kori-kurarsa ta ja amalanken ƙarfe mai nauyi da ake ja a gasar ko sau ɗaya, a bikin baje kolin gunduma.

Ya samo wani shirgegen tsohon inji mai silinda takwas a bolar motoci, ya shige rumbu da shi. Hunturu ya zo ya wuce, wani ya sake zuwa, yana ciki. Ya kai aka faɗaɗa ramukan silinda, ya sa manyan fistin, kowane noti sai ya goge shi kamar za a je coci da shi. In an leƙo sai ya ce, "Ni da famfon kicin ya gagara, wai ga ni ina gina dodo."

Matan coci kuwa suka ga gwauro a rumbu, tausayi ya kama su. Wannan ta kawo kek ɗin tuffa, waccan dankali da naman alade. Delmar mutum ne mai kara, ba ya mayar da kwano da saura.

Kowane aji a gasar yana da iyakar nauyi, kuma da direba a ciki ake auna mota. Ya san wannan sarai. Komai ya auna, har batir. Kansa ne kawai bai auna ba, ya sa a lissafi nauyinsa na zamanin da Verna ke hana shi maiƙo.

Ranar gasa ya hau sikeli da motarsa tana ƙyalli. Orrin Bruns mai awo, abokinsa tun firamare, ya dubi allura, ya dube shi.

"Delmar, wa ka ɓoye a ciki?"

"Ni kaɗai ne."

"To wallahi kun yi yawa."

Aka sauke ƙarafan da ya rataya a gaban motar don ƙarin nauyi, aka kwance ƙofar baya, aka tsiyaye rabin mai. Ya cire takalma, ya cire bel. Allura ta ɗan motsa, ta tsaya.

"Saura me kuma, Orrin?"

"Abin da ya saura ba ya kwantuwa da sifana, mutumina."

Lasifika na ta kiran ajinsu. Wanda bai wuce sikeli ba, sai baɗi. Ana haka sai ga ƙanwarsa Marcella daga rumfar sayar da lemo ta coci, siririya kamar sillen kara, direbar motar makaranta.

"Yaya, sauko."

"Marcella, wannan fa ba motar 'yan makaranta ba ce."

"Na sani, a nan ba mai yi mini amai a kujera. Sauko, ka riƙe wandonka."

Ya daɗe riƙe da sitiyari, sannan ya sauko. Ta hau, allura ta faɗi, har aka mayar da ƙarafan gaba.

"Ki saki kuloci a hankali," in ji shi ta taga. "In injin ya fara ruri, don Allah kada ki ɗaga ƙafa daga totur."

Ta yi alamar gicciye. Aka ɗaura wa motar amalanken da sarƙa, aka ɗaga tuta.

Injin ya yi wata ƙara da ta tada tantabarun rumfar dabbobi. Motar ta durƙusa, ta yunƙura, tayoyi na feshin ƙasa, nauyin amalanken na matsowa gaba yana danne ta. Delmar na bin shinge a guje da safa, hannu ɗaya a wando, hawaye shaɓe-shaɓe. Motar ta wuce rabin fili, ta ƙara, ta ƙara, sannan ta cije. Motoci da dama sun fi ta nisa a ranar.

Ya tsaya yana haki, ya kama hannun wani baƙo da ke gefensa.

"Ka ji muryarsa? Ni na gina shi. Duk wannan ƙarfe ya ja, ni ne kawai na fi ƙarfinsa."