Burushin da na tafasa

Shekara goma sha tara ke nan da aka kawo mana labarin rasuwar ƙanena Haruna. Daga ranar da labarin ya iso muke ƙirgawa, don ba mu san ranar da ya cika ba, ba mu kuma san inda aka binne shi ba. Wani da suka yi soja tare a Kudu ne ya zo gidanmu a unguwar Hajj Yusuf ta Khartoum, ya ce zazzaɓi ya kama shi a sansani, kwana huɗu ya yi. Iyakar abin da muka samu ke nan, muka shimfiɗa tabarmi muka karɓi gaisuwa.

Duk wanda ya yi waɗancan shekarun a Khartoum ya san abin da ake kira kasha. Sojoji su tare motar haya, su sauke samari, su loda su a babbar mota sai sansanin horo. Mu 'ya'yan waɗanda suka taso a gonakin audugar Jazira, yawancinmu ba mu da takardar haihuwa, don haka fuska ake dubawa. Soja zai kama haɓar yaro ya goga da babban yatsa, in ya ji kaushi ya ce hau. Haruna shekararsa goma sha bakwai, siriri ne kamar ɗan makaranta, amma gemu ya yi masa sammako.

Ni na ce ya riƙa aski kullum. Ya fara da reza da sabulun wanki, cikin mako guda ƙuraje suka feso masa. Sai na haye gada zuwa kasuwar Omdurman na sayo masa sabulun aski da burushi mai mariƙin katako. Baba Tanko, wanzamin unguwarmu, shi ya zaunar da shi ya koya masa. Ya ce ya jiƙa gashin da ruwa mai ɗan ɗumi, kada ya danna shi a fuska, in ya gama ya wanke kumfar tas, ya yarfe, ya rataye shi a inuwa gashin yana kallon ƙasa. Ya ƙara da cewa: "Ban da ruwan zafi, ɗana. Warin dabbar nan da kake ji zai fita da kansa."

Haruna ya riƙe maganar nan kamar karatu. Ya ɗaura wa mariƙin zare, ya kafa ƙusa a rumfar tsakar gida, ba mai taɓa masa. Ina tsokanarsa cewa ko ango bai kai shi lallaɓa fuska ba. Ƙurajen suka fara mutuwa. Sau biyu kasha ta rutsa da shi a hanyar unguwar Kuku, inda yake koyon ɗinki, sau biyu soja ya goga haɓarsa ya ce ya tafi wurin uwarsa. Da dariya ya dawo yana ba mu labari.

Warin burushin nan ne ya jawo magana. Mahaifinmu malami ne, mutum mai tsantseni a kan tsarki. Wani ya gaya masa a masallaci cewa da gashin alade ake yin irin wannan burushin. Har yau ban san ko gaskiya ne ba. Baba ya ce fuskar da ake sujada da ita ba za a goga mata najasa ba. Haruna ya yi ta roƙo, har Baba ya sassauta, ya ce a wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Da a nan aka tsaya da ba abin da zai same shi. Ni ne da iyayina na ce bari in kwantar wa tsoho hankali gaba ɗaya. Haruna yana wurin aiki na ɗora tukunya, ruwa ya tafasa, na jefa burushin. Gam ɗin da ya riƙe gashin ya narke, gashin ya taso saman ruwa, katakon ya rage tsirara.

Da ya dawo ya daɗe yana kallon tukunyar. Ya ce: "Yaya, ai Baba Tanko ya ce ban da ruwan zafi." Na ce ranar Juma'a zan haye in sayo wani.

Washegari ya murza sabulun da hannu, kumfa ta ƙi tashi, reza ta bi ta kan ƙurajen da suka fara warkewa ta fasa su. Dole ya bar fuskar ta huta kwana biyu. Ran Laraba Inna ta ce ya zauna a gida, shi kuwa ya ce maigidansa ya yi alkawarin kayan biki, ya fita. Wata maƙwabciyarmu tana cikin motar da aka tare. Ita ta ga an kama haɓarsa, ta ga an nuna masa babbar mota.

Ba zan yi ƙarya ba, an kwashi yaran da ko gashi ɗaya babu a fuskarsu. Baba, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mini cewa kwana ne ya ƙare, na kuma yi imani da haka. Amma imanin bai hana ni jin ciwon ba. Ni na tafasa burushin, ni kuma na ce sai Juma'a, alhali gadar tana nan ran Litinin.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Na san zai yi dariyar kumfar gwangwani da injin askin da samari ke yayi, zai yi mamakin yadda suke tara gemu don gayu kawai, su tsaya a bakin titi hankali kwance. Ina jin dariyar za ta tsaya in ya ga har yanzu masu kaki ne ke riƙe da ƙasar, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya nuna wa Inna kabarinsa.

Abin da ya bari kaɗan ne. Akwai riga ɗaya da ya ɗinka mini hannun dama ya fi na hagu tsawo, akwai katakon nan da har yau yake rataye a ƙusarsa. Akwai kuma ɗana na fari, takwaransa, wanda bana gashi ya fara fito masa. Na saya masa burushi mai gashin roba, na koya masa duk abin da Baba Tanko ya faɗa, kalma da kalma. Kullum da safe in zai fita nakan tsayar da shi a bakin ƙofa in goga haɓarsa da babban yatsa. Shi yana ɗauka wasa ne, yakan ce: "Baba, ai an daina kasha." Nakan ce na sani. Ranar da na ji kaushi, sai ya koma ciki ya yi aski kafin in buɗe masa ƙofa.

Allah ya jiƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa a duk inda yake.