Fadan da ke koyar da Sa'adatu

Ina tsaye gaban allo yau da safe a makarantarmu ta Birnin Kudu, sai aka ce wani dattijo na sallama da ni. Baban ɗalibata Sa'adatu ne, daga Surko ya hawo mashin.

Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, na zo in cire yarinyar nan daga ajin Fada."

Na ce, "Wane Fada, Baba?"

Ya ce, "Ta ce mini kullum in an tashi tana tsayawa karatun Fada Mas. Ni ba ni da rigima da kowa, amma boko na kawo ta, ba coci ba."

Da ƙyar na danne dariya. Further Maths ne fa, lissafi mai zurfi da muke koya wa masu shirin karatun injiniya a jami'a. Bakin yara ne ya mayar da shi Fada Mas.

Na ce, "Baba, ai ni ne Fadan, kuma sunana Habibu."

Na zaunar da shi a bayan aji, ya ga 'yarsa ta cika allo da lissafi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tun damina abin nan ke cina, na rasa wanda zan tambaya. Ku bar ta ta ci gaba. Amma ku riƙa gaya mana, Malam, ai 'ya'yanmu ne."

Nan dariyar ta tafi. Shi ya zo ya tambaya. Wani uban hanawa kawai zai yi, mu ce yarinya ce ta kasa.

Malamai 'yan uwana, ku kuna yi wa iyaye bayani kuwa?