Ranar da Mahauci Ya Ba Baƙuwa Ganye

Shekara arba'in ina sayar da nama a kasuwar Sokode, amma ranar da nama zai yi mini rana, ganye na ajiye a gaban baƙuwa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

'Yata ce ta rasu ta bar 'yan mata biyu, babbar shekara tara, ƙaramar biyar. Ubansu direban babbar mota ne, mutumin Dapaong, rabin rayuwarsa a kan hanya. Bayan sadakar arba'in ya ce su ɗan zauna wurina kafin danginsa su yi shawara. Matata ta riga 'yar tamu tafiya lahira, saboda haka gidan ya zama daga ni sai su. Kullum addu'ata kada a yi shawarar nan.

Girki bai ba ni wuya ba. Tufafi ne suka gagare ni. Ranakun lakwal, wato makaranta, da sauƙi, kowa ta sa kakinta. Asabar ta farko na buɗe akwati na zaro wata riga na miƙa wa ƙaramar. Ta juya ta, ta dube ni.

"Tsoho, wannan ai ta barci ce."

"To amarya, ni aji biyu na yi aka koro ni, ba a kai ga darasin riguna ba. Kowa ta zaɓi tata."

Daga ranar nan na cire hannuna. Ƙaramar takan fito da rigar sallah a kan wandon wasa, takalmin ruwa a ƙafa, rana tana dukan ƙasa. Matan unguwa su leƙo ta katanga, in ce musu ni ta yi wa ado, su yi ta kishi. A gaban akwatin nan na fara jin dariyarta tun bayan rasuwar. Babbar kuwa ba ta dariya. Rigar uwarta ta ɗauko, wata shuɗiya mai kai mata har idon sawu, ta nannaɗe hannuwan. Na gani, na kau da kai.

A tsakanin nan likita ya ce jinina ya hau, in rabu da nama. Mahauci fa. Wata ma'aikaciyar asibitin ta tausaya mini ta koya mini haɗa salak. A wanke latas sau uku, a yayyaga da hannu. Tumatir, albasa, kokwamba, karas. Man gyaɗa cokali biyu, lemun tsami, gishiri ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Wuƙa dai sana'ata ce, ina yanka albasa har ana ganin haske ta cikinta. Babbar ke matsa lemo, ƙaramar ke satar kokwamba. Da la'asar mu zauna a tabarma mu ukun mu cinye. Har na fara jin kaina wani babban ma'aikacin ofis.

Sai yayar ubansu ta bugo waya daga Dapaong, wai za ta zo gaida marayu. Na san dubawa ce. Abokin sana'ata da muke jere a kasuwa ya ce in ɗauki cinyar rago in soya mata. Na ce kowa ya san akwai nama a gidan mahauci, bari in nuna mata yaran suna hannun wanda ya san lafiya. Wayona ke nan.

Ta iso da azahar. Bayan gaisuwa na kawo tire, na jera tumatir zagaye kamar yadda ake yi a otal. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, in fara da wannan, ko in jira abincin?"

"Shi ne abincin, Hajiya. Ga burodi."

Ƙaramar ta shigo da takalmin ruwanta ta ce, "Gwaggo, kullum shi muke ci."

Ba ƙarya ta yi ba, ta dai manta da shinkafa da naman da suke ci da rana. Na buɗe baki zan gyara, Hajiya ta riga ni.

"A gidan mahauci, Baba?"

A wurinmu, baƙo ya shiga gidan mahauci ya fita bai ga tsoka ba, ɗayan biyu ne: ko gidan ya karye, ko ba a maraba da shi. Na san wannan tun ina wanke hanji a gaban babana. Ban san inda na ajiye shi ranar nan ba.

Babbar ta shigo da ruwan sha, ta durƙusa. Hajiya ta kama gefen rigar.

"Ta wace ce wannan?"

"Ta Mama ce."

Ta juyo wurina, muryarta ƙasa-ƙasa. "Kayan mamaciya, Baba? Ba a fitar da su sadaka ba? Ka bar yarinya tana yawo a ciki?"

Na ce ita ta zaɓa. Ta ce yaro ba ya zaɓe, shi ya sa Allah ya yi manya.

Na zari hula na nufi kasuwa, da gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Na dawo da cinyar ragon a leda, ina haki. Na tarar da ita a zaure tana magana da ƙanenta a waya. Ta ga ledar, ta ce Allah ya saka da alheri, ta ƙoshi. Mako guda bayan nan aka zo aka ɗauke su. Shuɗiyar rigar nan ba ta shiga jaka ba. Babbar ta linke ta da kanta ta ajiye a kan gadona.

Sau ɗaya na je Dapaong, bayan babbar sallah. Suka fito cikin atamfa iri ɗaya, ɗinki ɗaya, suka durƙusa suka gaishe ni kamar wani limami. Na ce, "Amarya, an manta da ango?" Ƙaramar ta dubi gwaggonta tukuna kafin ta yi murmushi. Aka kawo mini nama cike da kwano, yadda ake yi wa baƙo. Na cinye, likita ya yi haƙuri.

Matar nan ba muguwa ba ce, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Yaran sun yi kumatu, kansu a kitse, babbar har ta zo ta uku a aji. Kwana biyu ina zaune a gidan ina neman aibi ɗaya tak da zan riƙe in ce a mayar mini da su. Na leƙa ɗakin kwanansu, na duba faratansu, na tambayi ƙaramar a asirce ko ana dukanta. Ta ce a'a. Rana ta uku na yi sallama na tafi tasha.