Marainiyar Yaya Habu

Duk wanda ya zauna a Balan lokacin nan ya san Yaya Habu ba ya taɓa motarsa sai ya yi mata sallama. Wallahi kuwa! Sai ya ce, "Salamu alaikum, an tashi lafiya?" sannan ya zura ƙarfe a hancinta ya murza. Wata 'yar mitsitsiya ce mai kujera biyu, ya saye ta hannun wani Bature mai awon gyaɗa bayan samun 'yancin kai. Ni ƙanensa ne, amma motar ta girme ni.

Ran da muka je Kademi da ita, turin da na yi ya fi zaman. Na ce, "Yaya, ka ɗan ƙara mata mai mana!"

Ya ce, "Kai da ka ci tuwo da safe, ƙarfin na mene ne?"

Da wani ƙarfe ya karye a cikinta, kanikawan Kano suka yi ta dariya, wai ba su taɓa ganin irinta ba. Sai ya sa malamin makaranta a Gaya ya rubuta wasiƙa zuwa Ingila, ga kamfanin da ya ƙera ta. Bayan wata bakwai amsa ta zo daga wani mai shago: ai wa da ƙane ne, masu ƙera keke, suka ƙera 'yan motoci kaɗan, kuma sun rufe kamfanin tun kafin yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu.

Yaya Habu ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya sa aka daka gumba. Liman ya iso da sauri.

"Habu, wa ya rasu?"

"Iyayen motata, Malam."

"Subhanallahi! Yaushe?"

"An daɗe. Yau dai labari ya iso."

Tun daga nan sunanta Marainiya, tana gindin darbejiya ba ta motsi. Maƙera suka yi ta zarya, suna so su sare ta su yi fartanya. Ya ce, "Ku ji tsoron Allah! Dukiyar maraya ma haramun ce, balle marayan kansa!"

Sai shekarar fari ta zo, rijiyoyinmu suka ƙafe. Ruwa sai da nisa, ga amalanken unguwa ba ƙafafu. Wata safiya na tarar da shi yana kwance tayoyin da hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

"Yaya, marainiyar taka fa?"

Ya share fuska. "Na riƙe ta, ta girma. Aurar da ita na yi."

Ya ɗaura wa amalanken tayoyin nan, a kansu muka sha ruwa har damina ta faɗi. Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.