Birkin Kishin Ƙasa

"Baba, takalmin birki na kamfani za a sa, ko na kasuwa?" in ji makanike ɗazu. Sai na yi dariya.

Farkon mulkin kai, ina malamin daji a Birnin Gwari, birkin motar ofishinmu ya cinye. Aka aiko na kamfani daga Kaduna. Shugabanmu ya ɗaura a tasa motar, mu ya sayo mana ƙirar gida.

Tanko direba ya ce, "Ranka ya daɗe, gangaren hanyar Kutemeshi fa?"

"Turawa sun tafi, Tanko. Ka koyi kishin ƙasa."

A gangaren nan birki ya ƙi kamawa, bishiyar ɗorawa ce ta tsayar da mu. Aka kori Tanko saboda ganganci, shugaba ya samu ƙarin girma.

Ku fa, wane birki aka ɗaura muku?