Saniyar Da Jaji Ya Kora

Duk wanda ya san ƙasar Hawandawaki ya san rugar su Jaji, don tun zamanin kakansa take nan bakin burtali. Bafulatani ne gajere, mara yawan magana, wanda Hausar bakinsa ta fi ta wasu Hausawan daɗi. Da rani shanunsa kan kwana a gonakin manoma su bar musu taki, su kuma su ba shi damin gero. Abin da aka fi saninsa da shi kuwa shi ne riƙon ɓatacciyar dabba.

Al'adar tsohuwa ce. In dabba ta ɓace ta biyo garkenka, ba ka korarta, ba ka sayar da ita. Sai ka shaida wa mai gari, a yi cigiya ranar kasuwa, ka ci gaba da kiwonta har mai ita ya zo ya faɗi kamanninta. Ko ta haihu a hannunka, uwa da ɗa duk nasa ne. Jaji ya taɓa riƙe wata akuya har ta haihu sau biyu kafin mai ita ya ɓullo daga wajen Baudeta. Mutumin ya ce ya ɗauki ɗaya ladan kiwo, Jaji ya yi fushi kamar an zage shi.

Wata kaka wani farin sa mai ƙiba ya biyo shanunsa daga rijiya. Jaji ya tafi zauren mai gari Salifu ya faɗa masa, shi da shi, yadda ubansa ke yi. Bai nemi kowa ya tsaya shaida ba, don a wurinsu kunnen mai gari ya isa. Ashe san na Alhaji Abdul Razak ne, wani attajirin Tasawa da ya saye gonakin talakawa a shekarun yunwa, ya ja waya ya haɗa da rabin burtali. Alhaji bai yi cigiya ba. Jandarmomi ya turo ruga cikin mota.

Babbansu ya nuna san da baki. "Wanga naka ne?"

"A'a, ranka shi daɗe, tsintuwa ce. Mai gari ya sani."

Aka kira mai gari. Ya dubi motar, ya dubi ƙasa, ya tuna buhunan takin zamani da Alhaji ya ajiye masa a zaure. Ya ce, "Ni dai ban iya tunawa. Mutane da yawa ke zuwa wurina."

Shi ke nan aka ɗaure Jaji a gaban matarsa, aka jefa shi bayan mota kamar buhun wake.

Damina ta zo ta wuce yana kaso, ba a ko kai shi gaban alƙali ba. A can ya ga ɓarayin gaske, masu iyayen gida a birni, suna shigowa da safe su fita kafin mako ya zagayo. Ɗaya daga cikinsu, Na Allah, har dariya ya yi masa, ya ce tunda an riga an ba shi sunan ɓarawo, in ya fita ya neme shi su ci moriyarsa. Jaji ya juya masa baya. A gida kuwa shanu na ta tafiya kasuwa ɗaya bayan ɗaya, don kullum akwai mai cewa ya san wani da ya san wani da zai fito da shi in an biya. Wadda ba ta manta da shi ba ita ce Mairo, wata tsohuwar bazawara manomiya da shanunsa suka daɗe suna takin gonarta. Duk ranar kasuwa sai ta aika masa ƙuliƙuli da gumba ta hannun mai moto.

Daga ƙarshe alƙali ya ce babu hujja, ya tafi gida. Ko sannu ba wanda ya yi masa. Ya tarar da garkensa bai kai yatsun hannu ba, wayar Alhaji kuwa ta ƙara cin burtali. Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Wanda ya ciyar da sa guda amana ya sha ɗauri, wanda ya haɗiye hanyar shanun ƙasa guda da rana tsaka shi ake shimfiɗa wa darduma a sahun gaba. Tun daga nan ko kaza ta ɓace, rugar Jaji mota ke fara tsayawa, don ga wanda aka taɓa kamawa, kuma ba shi da kowa. Babban ɗansa Mas'udu ya rasa garken da zai gada, dangin budurwarsa suka maido da kayansa, sai ya tsallaka iyaka. Yanzu ba mai son tambayar abin da yake yi can. Sai ka ji masu karatu a rediyo suna ta mamakin abin da ke tura samari daji. Su zo rugar Jaji su gani.

Bara da bazara, saboda waya ta toshe hanya, Jaji ya zagaya da 'yan shanunsa can kudu, kusa da iyaka. Yana zaune gindin aduwa sai ga wata jar saniya ta shigo cikinsu. Ya gane ta nan take. Ta Mairo ce, ita kaɗai ta mallaka, shi ma ya zaɓa mata ita tana maraƙa. Ya miƙe zai sa mata igiya, sai hannunsa ya tsaya. Ƙauye na da nisa, hanya cike da idanu. Ya hango kansa tafe da saniyar wani a igiya, ya tuna warin kaso, ya tuna fuskar mai gari. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko gaban kura.

Ya jefe ta da hoge. Ta ja da baya ta dawo, don ta san shanunsa. Ya sa sanda ya yi ta dukanta yana hawaye, har ta yanka kudu da gudu.

Washegari da hantsi Mairo ta zo ruga, ƙafafunta fururu.

"Baban Mas'udu, jar nan ta tsinke tun shekaranjiya. Na ce ma ɗiyana su kwantar da hankali, in dai ta biyo shanunka ai gida ta kwana."

Jaji ya dubi sandarsa. "Ban gan ta ba, Yaya."

Ba ta ko tashi daga tabarma ba sai ga ƙarar motar jandarmomi. Wani ya riga ya kai labari saniya ta ɓace, su kuwa ba su san wata hanya ba sai wannan. Mairo ta tare gabansu.

"Ku ji tsoron Allah, ku ƙyale bawan Allahn ga. Wanga ko akuya ta biyo shi ba shi korarta. Da ya ga saniyata, wallahi da yanzu tana turkena."

Jaji ya ajiye sandar a ƙasa. Tun kafin a ce masa komai ya miƙa musu hannuwansa biyu.